Li Yongbo: Gwanin Wasan Bibbiyu Da Ya Zama Koci, Da Abin Da Zinariya 18 Ba Ta Iya Rufewa Ba

Yau za mu yi nisan kiwo har ƙasar Sin, domin mu duba rayuwar wani mutum da bai taɓa taka Zariya ba, amma labarinsa ya shafi duk wanda aka danƙa wa tarbiyyar yara, ko malamin makaranta ne, ko shugaban matasa, ko uba a gidansa. Sunan mutumin Li Yongbo. Ya yi suna a wasan badminton, watau wasan nan da ake buga ƙwallon gashi da raket a kan raga. Da farko shi ɗan wasa ne na ɓangaren bibbiyu, har ya zama zakaran duniya sau biyu. Daga baya ya riƙe ƙungiyar ƙasarsa a matsayin babban koci har shekara 24, daga 1993 zuwa 2017, kuma a cikin waɗannan shekaru 'yan wasansa suka kwashe lambobin zinariya 18 a wasannin Olamfik. Amma duk da wannan ɗimbin nasara, idan aka ambaci sunansa a yau, mutane da yawa sukan tuna da ranar da 'yan kallo suka yi wa 'yan wasansa ihu a Landan, domin sun ga suna neman faɗuwa da gangan. Yadda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a kan mutum guda shi ne abin da muke so mu bi sawunsa.

Wane irin wasa ne?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu ɗan bayyana wasan, domin a nan wajenmu ƙwallon ƙafa ya danne kome. Hafsoshin sojan Ingila ne suka raya wasan a garin Poona na ƙasar Indiya a ƙarni na 19, sa'an nan suka kai shi gida, inda ya ɗauki sunan wani babban gidan sarauta da ake kira Badminton. An fara gasar All England a 1899, aka kuma kafa hukumar wasan ta duniya a 1934.

Filin yana da tsawon mita 13.4. Faɗinsa mita 6.1 ne idan bibbiyu ake yi, mita 5.18 idan ɗaiɗai ne. Tsayin raga mita 1.55 ne a wajen sanduna. Ƙwallon kuwa gashin agwagwa ne ko na dinya guda 16 da aka kafa a kan ɗan dunƙulen toshiya, nauyinsa wajen giram 5 kacal. Saboda rashin nauyin nan ne ake yin gasa a cikin ɗaki rufaffe. Duk wanda ya taɓa gwada bugawa a tsakar gida a Kongo ko Tudun Wada cikin hunturu ya san yadda iska ke ɗauke ƙwallon ta kai shi bayan katanga.

Wasan bibbiyu yana da nasa sirri. Idan mutum biyu suna kai hari, ɗaya yakan tsaya baya yana dankaro ƙwallo ƙasa da ƙarfi, ɗayan yana gaban raga yana jiran wadda za ta dawo da rauni ya kashe ta. Da zarar hari ya juyo kansu, sai su rabu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsare gefensa. Wannan sauyi yana faruwa cikin ƙiftawar ido, babu lokacin shawara. Dole kowa ya san inda ɗan'uwansa zai dosa tun kafin ya ɗaga ƙafa. Wanda ya ce shi kaɗai zai yi kome, to, ya kayar da su duka biyu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar filin bibbiyu.

Yadda Sin ta shigo

Abin mamaki, ba daga Turai Sinawa suka sami gwanintar wasan ba. 'Ya'yan Sinawa mazauna Indunusiya ne suka koma ƙasar kakanninsu da ita. Wang Wenjiao ya koma a 1954, daga baya irin su Tang Xianhu da Hou Jiachang suka biyo. Shekaru da yawa suna da ƙarfin doke kowa, amma ba su shiga manyan gasa, domin ƙasarsu ba ta cikin hukumar duniya. Sai a 1981 aka karɓe ta. Shekara guda bayan haka, a 1982, ƙungiyar maza ta Sin a ƙarƙashin Wang Wenjiao ta je Landan ta doke Indunusiya da ci 5 da 4, ta ɗauki Kofin Thomas a karonta na farko.

A cikin wannan yanayi ne Li Yongbo ya taso. An haife shi ranar 18 ga Satumba 1962 a Dalian, wani birnin bakin teku a lardin Liaoning. Tsarin ƙasarsu shi ne a zaɓi yaro tun yana ƙarami a sa shi makarantar wasanni, idan ya yi fice ya shiga ƙungiyar lardi, daga nan zuwa ta ƙasa. Gwamnati ce ke ciyar da shi, ta ba shi masauki da kayan wasa da likita. Shi kuma abin da ake bukata a wurinsa shi ne biyayya da lambar yabo. Mu riƙe wannan, domin zai taimake mu gane abin da ya faru daga baya.

Li da Tian

An haɗa Li da wani saurayi mai suna Tian Bingyi, mutumin Wuhan, wanda Li ya girme shi da 'yan watanni. A 1985 suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Kalgari ta ƙasar Kanada, amma 'yan Koriya ta Kudu, Park Joo-bong da Kim Moon-soo, suka doke su. Waɗannan 'yan Koriya biyu su ne suka zame musu ƙashin kifi a wuya har ƙarshen wasansu, kuma za mu sake jin sunayensu a gaba.

A 1987 aka yi gasar duniya a Bejin, a gaban jama'arsu. Li da Tian suka doke 'yan'uwan nan biyu na Malesiya, Razif da Jalani Sidek, suka zama zakarun duniya. A wannan shekara Sin ta kwashe dukan kambuna biyar na gasar. A 1989 suka sake ɗaukar kambun a Jakarta. Sun ci All England sau uku, a 1987 da 1988 da 1991, sun ci zinariya a wasannin Asiya na 1990, suna kuma cikin ƙungiyar da ta ɗauki Kofin Thomas a 1986 da 1988 da 1990.

Abu ɗaya ne ya gagare su. A 1992, a Basalona ta ƙasar Sifen, aka fara ba da lambobin Olamfik na sosai a badminton. Li yana dab da cika shekara 30, ƙarfi ya fara ja baya. A wasan kusa da na ƙarshe, Eddy Hartono da Rudy Gunawan na Indunusiya suka fitar da su, suka tashi da tagulla. Zinariyar ta tafi hannun tsofaffin abokan hamayyarsu, Park da Kim. Sin gaba ɗayanta ba ta sami zinariya ko ɗaya ba a Basalona, sai azurfa ɗaya da tagulla huɗu. Ga ƙasar da ta share fage shekara biyar kafin nan, wannan abin kunya ne babba.

Daga fili zuwa kujera

Bayan Basalona Li ya ajiye raket. A 1993 aka ɗora masa ragamar ƙungiyar ƙasa, yana ɗan shekara 31 ko ƙasa da haka. Ya tarar da gida a rushe. Manyan 'yan wasa sun yi ritaya, waɗansu ƙwararrun masu horarwa sun tafi neman abinci a ƙasashen waje. Farkon aikinsa bai yi daɗi ba, gama a wasannin Asiya na 1994 a Hiroshima Sin ta dawo ba zinariya ko ɗaya a badminton.

Amma a 1995 aka ga alamar juyi. A Lozan ta ƙasar Suwizalan, Sin ta ɗauki Kofin Sudirman, watau kofin da maza da mata ke haɗuwa su yi wa ƙasa wasa. A 1996 a Atlanta, Ge Fei da Gu Jun suka ba Sin zinariyarta ta farko a badminton na Olamfik, kuma a ɓangaren bibbiyu ne, ɓangaren da kocinsu ya fi sani. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A Sidni a 2000 zinariya huɗu. A Atina a 2004 uku. A Bejin a 2008 uku. A Landan a 2012 dukan biyar, abin da babu wata ƙasa da ta taɓa yi. A Riyo a 2016 biyu. Jimla 18 ke nan.

Haka ma a kofunan ƙungiya. A zamaninsa Sin ta ɗauki Kofin Sudirman sau 10, Kofin Uber na mata sau 9, Kofin Thomas sau 5 a jere daga 2004 zuwa 2012. A hannunsa aka raini Lin Dan, wanda ya ci zinariyar Olamfik sau biyu, a 2008 da 2012, da Zhang Ning da Gao Ling da Cai Yun da Fu Haifeng da Zhao Yunlei da Chen Long. Tsohon abokinsa Tian Bingyi ma ya zama koci, suka ci gaba da aiki tare.

Ba sa'a ce ta kawo wannan ba. Li ya ɗauki tunanin ɗan wasan bibbiyu ya shimfiɗa shi a kan ƙungiya baki ɗaya. A wurinsa babu ɗan wasan da yake yi wa kansa wasa. Kowa yana da gurbinsa, wani gaba, wani baya, kuma abin da ake ƙirgawa a ƙarshe shi ne abin da ƙasa ta samu. Ya tara gwanaye da yawa wuri guda, ta yadda atisayen yau da kullum ya kan yi zafi kamar gasa. Yana raba abokan wasa ya sake haɗa su har sai ya sami waɗanda suka dace. Wannan tunani shi ne ƙarfinsa. Shi ne kuma ya kai shi inda bai kamata ba.

Umurnin a faɗi

A Atina a 2004, 'yan Sin biyu suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na mata ɗaiɗai, Zhang Ning da Zhou Mi. Zhang ta ci, ta wuce ta doke Mia Audina mai wakiltar Holan, ta ɗauki zinariya. Zhou ta ƙare da tagulla. Shekara huɗu bayan haka, a 2008, Li da bakinsa ya bayyana a talabijin ɗin ƙasarsu cewa bayan Zhang ta ci zagayen farko, an gaya wa Zhou kada ta wahalar da ita, ta bar ta ta wuce da sauran ƙarfinta domin wasan ƙarshe. Bai faɗi wannan da nadama ba, ya ɗauke shi a matsayin kishin ƙasa. Ita Zhou Mi daga baya ta bar ƙungiyar, ta koma yi wa Hong Kong wasa.

Ba wannan ne karo na farko ba. A Sidni a 2000, Ye Zhaoying, wadda ta zama zakarar duniya sau biyu, ta haɗu da 'yar ƙasarsu Gong Zhichao a irin wannan mataki. Gong ta ci, ta je ta doke Camilla Martin ta Denmak. A 2022 Ye ta gaya wa wani gidan talabijin na Denmak cewa shugabannin ƙungiyar ne suka umurce ta ta faɗi, domin sun ga Gong ta fi ta damar doke Martin.

To, jama'a, mu tsaya mu auna. Yarinya ta bar gidan iyayenta tun tana ƙarama, ta yi shekara goma sha wani abu tana tashi da asuba, gwiwa ta lalace, kafaɗa ta lalace, duk domin rana guda. Ranar ta zo, sai wanda take kira malam, wanda abincinta da makomarta ke hannunsa, ya ce mata ta sassauta. Ta ina za ta ce a'a? A lissafin hukuma babu asara, zinariyar ta shiga jaka ɗaya. Amma ita an karɓe mata abin da babu mai iya mayar mata. Ita ma wadda aka ba nasarar an rage mata wani abu, gama har abada za a riƙa tambaya ko da ta ci in da an bar su sun fafata.

Abin da ya faru a Landan

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Olamfik na 2012 aka shigo da sabon tsari. Maimakon wanda ya faɗi ya fita nan take, sai aka raba 'yan wasa rukuni rukuni, biyu na sama a kowane rukuni su wuce, kuma tun kafin a gama kowa ya san wanda zai haɗu da shi idan ya zo na ɗaya ko na biyu. A bibbiyu na mata Sin tana da tawaga biyu. Tian Qing da Zhao Yunlei suka sha kaye ba zato a hannun 'yan Denmak, Christinna Pedersen da Kamilla Rytter Juhl, suka ƙare na biyu a rukuninsu. Wannan ya nuna cewa idan ɗaya tawagar, Yu Yang da Wang Xiaoli, zakarun duniya na lokacin, suka zo na ɗaya a nasu rukuni, to, 'yan Sin za su haɗu da juna kafin wasan ƙarshe, zinariya da azurfa ba za su tafi gida ɗaya ba.

Ranar 31 ga Yuli, a zauren Wembley, Yu da Wang suka shiga fili da Jung Kyung-eun da Kim Ha-na na Koriya ta Kudu. Duka sun riga sun tsallake. Sai jama'a suka ga gwanayen duniya suna buga ƙwallo cikin raga da gangan, suna jefa ta waje. 'Yan Koriya da suka gane dawar garin, su ma suka shiga yin haka. A zagayen farko babu musayar da ta wuce bugu huɗu. 'Yan kallo da suka biya kuɗinsu suka yi ta ihu, har babban alƙalin gasa ya sauko fili ya yi musu kashedi. A ƙarshe 'yan Koriya suka ci 21 da 14, da 21 da 11. Ba a jima ba wata tawagar Koriya, Ha Jung-eun da Kim Min-jung, ta haɗu da Greysia Polii da Meiliana Jauhari na Indunusiya, su ma kowa na gudun nasara don kada ya faɗa hannun Yu da Wang.

Washegari, 1 ga Agusta, hukumar badminton ta duniya ta kori dukan matan takwas daga gasar, bisa laifin ƙin yin iyakar ƙoƙarinsu da kuma zubar da mutuncin wasan. Koriya ta ɗaukaka ƙara aka yi watsi da ita, Indunusiya ta janye tata, Sin ba ta ɗaukaka ba. Aka dawo da tawagogin da aka riga aka fitar, daga Rasha da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu, har 'yan Rasha suka tashi da tagulla. Li Yongbo ya fito ya nemi gafarar jama'a, ya ce shi ne babban koci, laifin yana wuyansa.

Wa ya ɗauki hukuncin?

A nan ne abin ya fi ba mu tunani. Yu Yang ta sanar cewa ta bar wasa saboda baƙin ciki, ko da yake daga baya ta dawo. A Koriya, hukumarsu ta dakatar da babban koci da mataimakinsa, kuma mataimakin nan ba kowa ba ne illa Kim Moon-soo, wanda ya doke Li a Kalgari a 1985. Shi kuwa Li, kafin mako ya zagayo 'yan wasansa sun kwashe zinariya biyar, har da ta bibbiyun mata da Tian da Zhao suka ɗauka. Ya koma gida da kujerarsa, ya ƙara shekara biyar a kanta. Yaran da aka aika su ne suka sha kunya a idon duniya.

Adalci ya sa mu faɗi abin da masu kare shi ke cewa. Suna cewa tsarin gasar ne ya buɗe ƙofa, domin ya sa faɗuwa ta fi nasara riba. Akwai gaskiya a ciki, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da kanta ta gyara tsarin kafin Riyo, aka koma jefa ƙuri'a bayan wasannin rukuni don kada kowa ya san abokin karawarsa tun da wuri. Suna kuma cewa kowane koci yakan hutar da gwanayensa idan wasa ba shi da muhimmanci. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin koci ya saka yaro mai rauni ya ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, da ya saka gwani ya ce masa ya yi kamar yana wasa alhali yana neman faɗuwa. Na farko dabara ce da kowa ke gani. Na biyu yaudara ce, gama an sayar wa jama'a tikitin gasa an nuna musu wasan kwaikwayo. Ɗalibanmu masu karatun shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello sun san cewa gibi a cikin doka ba ya mayar da ha'inci ya zama halal.

Ƙarshen zamani

Bayan Landan sauran ƙasashe suka fara cim ma Sin. A 2014 a birnin Delhi, Japan ta fitar da ita daga Kofin Thomas, ta kuma ɗauki kofin a karo na farko. Kocin Japan kuwa shi ne Park Joo-bong, ɗaya tsohon abokin hamayyar Li, wanda ya karɓi aikin a 2004. A Riyo a 2016, 'yan wasan Park, Misaki Matsutomo da Ayaka Takahashi, suka ɗauki zinariyar bibbiyun mata, wadda Sin ke riƙe da ita tun 1996. A wasan neman tagulla na wannan ɓangare, Yu Yang da Jung Kyung-eun, waɗanda aka kora tare a Landan, suka sake fuskantar juna, kowace da sabuwar abokiya. Wannan karo an fafata tsakani da Allah, Jung ta yi nasara. Ita kuma Greysia Polii ba ta karaya ba. A wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, ita da Apriyani Rahayu suka ci wa Indunusiya zinariya, shekara tara bayan an kore ta da kunya. Wanda ya faɗi yana iya tashi, wannan ma darasi ne.

A watan Afrilu 2017 Li Yongbo ya sauka. Aka raba aikinsa gida biyu, Xia Xuanze ya karɓi ɓangaren ɗaiɗai, Zhang Jun, wanda ya ci zinariyar bibbiyun mace da namiji a 2000 da 2004, ya karɓi na bibbiyu. Dukansu almajiransa ne.

Mu dawo gida

Kada mu ɗauka wannan ciwon Sinawa ne kaɗai. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasar matasa saboda saɓanin shekarun haihuwa a takardun waɗansu 'yan wasa, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. A watan Yuli 2013, a wasannin neman hawa mataki a nan arewa, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, domin kowace na neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasa da jami'ai wasa har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara goma. Waɗannan yara ba su tashi da safe suka ƙirƙiro wannan da kansu ba. Akwai manyan da suka tsara.

Kuma ba sai an kai matakin ƙasa ba. Malamin da ya ɗauko ƙato mai gemu ya sa masa rigar 'yan aji uku a gasar makarantu, da shugaban matasan da ya aro ɗan wata unguwa ya ce nasu ne don a ci kofin gunduma, da uban da ya biya kuɗi a shigar wa ɗansa amsa ɗakin jarrabawa, duk hanya ɗaya suka bi. Kowannensu zai ce don sunan makaranta ya yi, ko don sunan ikilisiya, ko don makomar yaro, kamar yadda Li ya ce don ƙasa ya yi. Amma yaro ba abin da muka faɗa yake koya ba, abin da muka sa shi yi yake koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe. Wanda aka koya wa rage shekaru yana ɗan sha biyar, ranar da ya hau kujerar ofis ba zai ga laifin sauya lamba a takardar kuɗi ba.

Muna da misalan da za mu nuna wa yaranmu a cikin wannan wasa ma. Grace Daniel ta wakilci Nijeriya a Bejin a 2008. Anuoluwapo Opeyori ya yi wasan bibbiyu tare da Godwin Olofua a Tokiyo, sa'an nan ya riƙe tutar Nijeriya a bikin buɗe wasannin Faris a 2024. A wannan shekara kuma Mariam Eniola Bolaji ta ci tagulla a wasannin naƙasassu na Faris, ta zama ta farko daga Afirka da ta sami lambar yabo a badminton a wannan mataki. Ba su da irin gatan da gwamnatin Sin ke yi wa nata, amma abin da suka samu nasu ne, babu mai nuna musu yatsa.

Babu mai musun cewa Li Yongbo gwani ne. Akwai abin koyi a wurinsa: naciya bayan kayen 1992 da na 1994, da iya gano baiwar yaro, da sanin cewa mutum biyu da suka fahimci juna sun fi gwanaye biyu da kowa ke jan nasa. Amma zumunci na gaskiya ba ya cewa ɗaya ya yi ƙarya domin a yabi gida. Saboda haka muna roƙon malamanmu da shugabannin matasa da iyaye, daga Wusasa zuwa Sabon Gari da Samaru, idan lokacin gasa ya zo, a rubuta shekarun yara yadda suke, a saka waɗanda suka cancanta, a ce musu su buga da dukan ƙarfinsu. In an ci, a gode. In an faɗi, a yi wa abokan karawa barka, a koma atisaye ranar Litinin.